FILIN SANA'A: Ranar da mota ta ƙi jin totur

 Wannan wata maganar mota ce.

Wani zai ce: ina ruwan manomi da cikin inji? Da ruwansa. Mota ke kai albasar Galmi kasuwa. Mota ke kwasar raguna daga Dakoro zuwa Maraɗi in Layya ta gabato. Mota ke kai mai naƙuda gidan likita da tsakar dare. Yau kuma akwai garuruwan da ƴan'uwa ko ƙungiyar manoma suka tara kuɗi suka sayi mota tasu ta kansu. Ranar da motar nan ta tsaya, ba direba kaɗai ta tsayar ba, gari ta tsayar.

Akwai wata cuta da motocin zamani ke yi, wadda tsofaffin motoci ba su san ta ba. Direba ya taka totur, mota ta ƙi ji. Cutar tana da magani, sau da yawa ma mai araha. Amma wanda bai san kanta ba yana iya sayar da sa guda a banza.

Misali daga hanya

Ga misali irin wanda ake gani a kan babbar hanya. Wata mota mai shan esans ta ɗauko tumatir daga lambunan wajen Madawa, za ta Ƙonni. Mai motar yana zaune gaba, kusa da direba. An wuce Galmi lafiya. Can sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, mai siffar inji. Mota ta saki ƙarfi, sai ka ce an riƙe ta daga baya. Direba ya taka totur har ƙasa, ba ta ƙara gudu ba. Inji bai mutu ba, bai yi hayaƙi ba, bai yi wata ƙara ba. Gudu ne kawai babu.

Direba ya tsaya gefe, ya kashe inji, ya jira kaɗan, ya tada. Mota ta koma lafiya lau. Ba a yi nisa ba ta sake. Haka suka lallaɓa har Ƙonni, rana tana dukan tumatir.

A garaji maigida ba ya nan. Wani yaronsa ya leƙa inji, ya ce: "Alhaji, ƙwaƙwalwa ce ta ƙone. Sai an sayi wata."

Mai motar ya taɓa zama ajin yaƙi da jahilci. Ya san harafi, ya san lamba. Ya ce: "Yaro, me ya shaida maka? An sa mata baliz? Wace lamba ta nuna?"

Yaro ya yi shiru.

Alhaji ya ce: "To, a jira maigidanka."

Kafin maigida ya iso, ya kamata mai karatu ya san abin da ake magana a kai.

Inji yana numfashi

Duk wanda ya zauna maƙera ya ga yadda wuta ke cin iska. In yaro ya matsa zugazugi da ƙarfi, gawayi ya yi ja. In ya sassauta, wuta ta kwanta. Injin mota haka yake. Esans kaɗai ba ya ci sai da iska, kuma iskar mai yawa. Kilo ɗaya na esans yana bukatar iska kusan kilo 15. Lita ɗaya ta esans tana cin iska kamar lita 9.000, wato cikin ganga 45 masu lita 200.

Iskar nan tana shiga ta wani bututu. A cikin bututun akwai wani faifai na ƙarfe da ke juyawa, yana buɗe hanya yana rufewa. Masu gyaran mota suna ce masa papiyon. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta malam-buɗe-littafi, don faifan ya yi kama da fikafikansa. Shi ne ƙofar iska. In ƙofa ta buɗe sosai, iska ta shiga da yawa, a ƙara esans, inji ya yi ƙarfi. In ta rufe, inji ya kwanta.

A tsofaffin motoci, irin su Peugeot 404 da 504 da suka daɗe suna aiki a hanyoyin karkara, wayar ƙarfe ce ta haɗa totur da ƙofar iska, kamar wayar birkin keke. Ƙafa ta taka, waya ta ja, ƙofa ta buɗe. In waya ta tsinke, ido yana gani, hannu yana gyarawa.

Motar yanzu ba ta da wannan waya

A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin BMW na ƙasar Jamus ya fito da motar da babu wayar ƙarfe tsakanin totur da inji. Sannu a hankali sauran kamfanoni suka bi. Yawancin motocin esans da aka ƙera daga wajen shekarar 2005 zuwa yau haka suke, har da Toyota Corolla da Hilux da Hiace masu shan esans na waɗannan shekaru.

A cikinsu abu uku ne ke aiki tare.

Na farko, totur ɗin kansa. A jikinsa akwai ma'auni da ke faɗin nisan da ƙafa ta taka. Yana aika labari ta siririyar wayar lantarki.

Na biyu, ƙwaƙwalwar mota. Ƙaramar kwamfuta ce cikin akwatin ƙarfe. Ita ke karɓar labari, ta yanke shawara.

Na uku, ƙofar iska. Yanzu tana da ɗan ƙaramin injin lantarki da haƙoran roba da ke juya faifai. Ita ma tana da ma'auninta, mai gaya wa ƙwaƙwalwa nisan da faifai ya buɗe.

Ke nan ƙafar direba ba ta buɗe ƙofa da kanta. Saƙo take aikawa. Ƙwaƙwalwa ke buɗewa.

Shaidu biyu

Masu ƙera mota sun san abin da ke cikin wannan. In ma'auni ya yi ƙarya, mota tana iya sheƙawa da gudu ba da son direba ba. Don haka suka sa ma'auni biyu a totur, biyu a ƙofar iska. Kamar shaidu biyu ne a gaban alƙali. In bakinsu ya zo ɗaya, alƙali ya yanke hukunci. In wannan ya ce gabas, wancan ya ce yamma, alƙali ya dakatar da shari'a.

Haka ƙwaƙwalwa take yi. Da zarar shaidunta sun saɓa, sai ta yanke wutar ɗan injin da ke juya faifai. Wani sifirin ya mayar da faifai wurin zamansa, a buɗe kaɗan. Iskar da ke shiga ta isa inji ya rayu, mota ta ja jiki zuwa garaji, amma ba ta isa gudu ba. Fitila kuma ta kama.

Wannan shi ne abin da ya sami motar tumatir. Ƙwaƙwalwa ba ta ƙone ba. Aikinta take yi: ta ji maganar da ba ta yarda da ita ba, ta hana gudu don kada a yi hatsari.

Alamomin cutar

Fitila mai siffar inji ta kama. A motocin Volkswagen haruffa uku ne ke kamawa: EPC.

Mota ta ƙi gudu ko an taka totur har ƙasa. In an kashe an tada, ta warke, jim kaɗan ta koma.

In mota tana tsaye inji na aiki, yana hawa yana sauka, ko yana rawa, ko ya mutu in an tsaya a mararraba. Inji mai lafiya da ya yi zafi yakan tsaya tsakanin juyi 600 da 900 a minti. Allurar da ke gaban direba tana nunawa.

An taka totur, mota ta yi jinkiri, sannan ta zabura.

Sai dai a kula. Esans mai ruwa ko datti, da buji da suka tsufa, da famfon esans da ya gaji, su ma suna sa mota shaƙewa. Cuta biyu suna iya kama da juna a ido. Shi ya sa ba a sayen magani kafin awo.

Motar gazwal kuma tata daban ce. Ita ma totur ɗinta na lantarki ne in ta zamani ce, amma ƙarfinta daga yawan man da ake fesawa yake, ba daga ƙofar iska ba. Maganar batir da wayoyi da totur ta shafe ta. Maganar wankin faifai ta motar esans ce.

Abin da ke kawo ta

Ƙura. Ƙasar nan ƙasar ƙura ce, balle lokacin hunturu da kan hanyar jar ƙasa. A gaban ƙofar iska akwai matacin iska na takarda. In ya yage, ko murfinsa bai zauna daidai ba, ƙura ta wuce. Inji kuma yana mayar da tururin baƙin mai cikin bututun iska don ya ƙone. Ƙura ta gamu da tururin mai, su zama baƙin danƙo a bakin faifai. Faifai ya riƙa makalewa.

Batir. Ƙwaƙwalwa tana son wuta tsayayya. In batir ya yi sanyi, ko kansa ya yi farin gari, ko wayar da ta haɗa shi da jikin mota ta yi sako-sako, ma'aunai sai su faɗi abin da ba shi ne ba.

Wayoyi. Girgizar hanya tana sassauta mahaɗin waya. Ruwa yana shiga in an ratsa ƙorama da damina, ko in an wanke inji da ruwa mai ƙarfi. Zafi yana busar da robar waya ta tsage. Ga kuma kusu. Motar da ke kwana kusa da rumbu, ko wadda ke ɗaukar hatsi, kusu na shiga cikin injinta don ɗumi, ya ci robar waya.

Tsufa. Ma'aunai suna cinyewa, haƙoran roba suna karyewa. Motar da ta yi shekaru a Turai kafin ta sauka a tashar jirgin ruwa ta iso nan, da gajiyarta ta zo.

Hannun mutum. Akwai ɗabi'ar cire batir daga motar da injinta ke aiki don a tada wata. Tsohuwar mota takan jure. Motar zamani ba ta jurewa, wuta tana iya hauhawa ta ƙona ƙwaƙwalwa. Haka yin walda a jikin mota ba a cire kan batir ba. Haka juya wayoyi baibai in ana ba mota wuta daga wata.

Bincike: a fara da mai araha

Maigida ya iso garaji. Ya gaida Alhaji, ya tambayi direba yadda abin ya faro. Wannan shi ne matakin farko na mai gyara na ƙwarai: tambaya. Yaushe ta fara? Kan gargada ko kan kwalta? Da sanyin safe ko bayan inji ya yi zafi? An wanke inji? An taɓa batir? Direban da ya riƙe waɗannan a ka, ko ya rubuta su a takarda, ya rage wa mai gyara rabin aiki.

Daga nan ga yadda bincike ke tafiya, bi da bi.

1. A duba ƙarƙashin ƙafar direba. Tabarma ko shimfiɗa ko kwalba ba ta tokare totur ba? Totur yana sauka yana dawowa da kansa?

2. A auna batir. In inji a kashe yake, batir mai lafiya yana nuna bolt 12 da rabi ko sama kaɗan. In inji yana aiki, tsakanin 13 da rabi da 14 da rabi. A goge kawunan batir, a ɗaure su tam. A duba wayar da ta tafi jikin mota da jikin inji.

3. A sa baliz. Wata ƴar na'ura ce da ake haɗawa da mota ta wata kafa mai ramuka 16, galibi ƙarƙashin sitiyari. Amurka ta wajabta wannan kafa ga motoci tun 1996, Turai kuma ga motocin esans tun 2001. Baliz tana tambayar ƙwaƙwalwa abin da ya dame ta, ƙwaƙwalwa ta ba da amsa da harafi ɗaya da lambobi huɗu. A rubuta lambar a takarda kafin a share ta.

4. A duba wayoyi da mahaɗansu. A kashe mota, a zare mahaɗin ƙofar iska. Galibi ƙafafu shida ne: biyu na ɗan injin lantarki, huɗu na ma'aunai. A duba tsatsa, ko kore-kore, ko danshi, ko ƙafar da ta lanƙwashe. A mayar, a tada inji, a girgiza wayoyi a hankali da hannu, nesa da fanka da bel. In inji ya canza murya, ciwon yana nan kusa.

5. A buɗe matacin iska da bututun roba. A ɗaga mataci ga rana. In haske ya ratsa ta wata huda, ya gama aiki. A duba bututu ko ya tsage.

6. A leƙa faifai. In bakinsa baƙi ne, a wanke.

7. A auna ma'aunai. Ƙwaƙwalwa tana ba su bolt 5. In ana taka totur a hankali, lambar da ke kan baliz ta riƙa hawa sumul, babu tsalle, babu faɗuwa. In ta yi tsalle a wani wuri, ma'aunin ya cinye a wurin.

Sai an bi waɗannan duka sannan a yi maganar sayen kaya. Ƙwaƙwalwa ita ce ta ƙarshe da ake zargi, don ita ce mafi tsada, kuma ba ta cika mutuwa ba sai an cuce ta.

Lambobin da ya kamata a sani

Mai mota da ya iya karatu ya kwafi waɗannan, ya ajiye tare da takardun mota.

P0120 zuwa P0123: ma'aunin farko na ƙofar iska, ko wayarsa.

P0220 zuwa P0223: ma'auni na biyu, ko wayarsa.

P2135: ma'aunai biyu na ƙofar iska sun saɓa wa juna.

P2138: ma'aunai biyu na totur sun saɓa wa juna.

P2101: ɗan injin da ke juya faifai, ko wayoyinsa.

P2111: faifai ya makale a buɗe.

P2112: faifai ya makale a rufe.

P0506: inji yana juyi ƙasa da ƙa'ida in mota tana tsaye. P0507: yana juyi sama da ƙa'ida.

Lamba tana nuna unguwar da ɓarawo ya shiga, ba ta faɗin sunan ɓarawo. In ta ce ma'auni, mai yiwuwa ma'aunin lafiyarsa lau, wayarsa ce kusu ya ci. Wanda ya sayi sabon kaya don lamba kaɗai, ya ɗaura shi a kan ruɓaɓɓiyar waya, kuɗinsa sun tafi, cutar tana nan.

Share lamba kuma ba gyara ba ne. Fitila za ta mutu, mai mota ya biya ya tafi da murna, gobe ta sake kamawa.

Yadda ake wanke ƙofar iska

Aiki ne mai sauƙi, amma yana da dokoki.

A kashe mota, a zare makulli, a sa shi aljihu. Wannan ba wasa ba ne. In makulli yana kunne, ƙwaƙwalwa tana iya juya faifai ba zato, kuma ɗan injin nan yana da ƙarfin da zai datse yatsa.

A bar inji ya huce. Maganin wanki yana kama wuta. Ba a yi kusa da taba ko murhun shayi.

A kwance bututun roba. In za a yi aiki mai kyau, a kwance ƙofar iska gaba ɗaya, galibi ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da ita.

A fesa maganin wanki a kan tsumma mai tsabta, ba cikin ɗan injin lantarki ba. A goge bakin faifai gaba da baya, da bangon bututu inda faifai ke zama. Tsohon buroshin haƙori yana taimakawa. Ba a kankarewa da wuƙa, ko takardar yashi, ko bakin sukudireba. Ba a tsoma ƙofar cikin kwanon esans.

In za a tura faifai da yatsa, a tura a hankali, a sake shi a hankali. Wanda ya fizge shi yana iya karya haƙoran roba.

A bari ta bushe. A duba robar da ke tsakanin ƙofa da inji, in ta tsage a sake wata. A ɗaure ƙusoshi daidai wa daida, a mayar da mahaɗin waya har ya yi ƙas.

Bayan wanki wani abu yakan tsorata mutane. An tada inji, sai ya riƙa juyi da ƙarfi fiye da da. Ba ɓaci aka yi ba. Ƙwaƙwalwa ta saba da ƙofa mai datti, tana buɗe ta fiye da kima don iska ta wuce. Yanzu ƙofa ta yi fes, sai ta sake koyo. Wasu motoci suna koyo da kansu in an bar inji ya yi zafi yana aiki a tsaye, sannan aka ɗan yi tafiya. Wasu kuma sai an koya musu da baliz. Kada a taɓa ƴar ƙusar da ke tokare faifai don a rage juyi. Daga masana'anta aka daidaita ta.

In sai an saya

In awo ya nuna ma'auni ya cinye, ko haƙora sun karye, to sai canji. A motoci da yawa ma'aunai a manne suke da ƙofar, ba a sayar da su daban.

A tafi kasuwa da tsohuwar a hannu. A jikinta akwai lamba. Lambar sabuwa ta zo ɗaya da ta tsohuwa, harafi da harafi. Ƙofofi biyu suna iya kama da juna kamar tagwaye, amma ƙwaƙwalwa ta ƙi ɗaya.

In ta hannu ce za a saya, a yi sharaɗi a gaban shaida: in ba ta yi ba, a mayar. A karɓi takardar ciniki. Tsohuwar da aka cire kuma ta mai mota ce, ya karɓi abinsa ya gani da idonsa.

In mota ta ƙi rage gudu

Wannan bai cika faruwa ba, amma rai ne a ciki. A shekarun 2009 da 2010 kamfanin Toyota ya kira miliyoyin motoci don gyara, bayan koke-koken cewa motoci suna gudu da kansu. Hukumomin Amurka suka bincika, har da masanan hukumar NASA. A 2011 suka ba da sakamako: ba su sami laifi a lantarkin totur da ke jawo haka ba. Abin da aka tabbatar shi ne shimfiɗar ƙasa da ke danne totur, da totur mai makalewa.

Darasin ya shafi kowane direba. Kada a jibga shimfiɗa biyu ko uku a ƙarƙashin ƙafa. Kada a bar kwalbar ruwa ko takalmi suna yawo a wurin.

In ta faru, direba ya taka birki da ƙarfi, ya riƙe, kada ya riƙa ɗagawa yana takawa. Ya fidda giya, ya bar ta inda inji ba ya jan ƙafafu. Inji zai yi kuka, ya ƙyale shi. Ya kai mota gefe, ta tsaya, sannan ya kashe. Kada ya zare makulli mota tana tafiya, don sitiyari yana iya kullewa.

Motar da ta rage gudu da kanta kuma, ita ma tana da haɗari a kan babbar hanya, don manyan motoci suna tahowa daga baya. A kunna fitilun gargaɗi, a bi gefe, kada a yi ƙoƙarin wuce kowa. Garaji mafi kusa za a nufa, ba kasuwa mai nisa ba.

Ƙarshen maganar motar tumatir

Maigida ya auna batir, ya same shi lafiya. Ya sa baliz. Ya juya ta wajen Alhaji ya ce: "Alhaji, karanta da kanka."

Alhaji ya karanta a hankali: "P, biyu, ɗaya, uku, biyar."

Maigida ya ce: "Shaidun ƙofar iska ne suka saɓa. Saura a ga dalili."

Ya zare mahaɗin waya. Ƙafa ɗaya ta yi kore, ga danshi. Ya dubi direba ya ce: "Malam, kun wanke injin nan?"

Direba ya ce: "Shekaranjiya, maigida, a bakin tabki."

Maigida ya goge ƙafafun, ya busar da su, ya matse wadda ta saki. Ya wanke faifai tun da an riga an buɗe. Ya sake matacin iska, don tsohon ya huje. Ya share lamba, suka fita gwaji a kan gargada, suka dawo. Fitila ba ta kama ba. Ya sake sa baliz, babu lamba.

Sannan ya kira yaronsa ya ce: "Ɗana, likita ba ya yanka sai ya auna. Gobe in mota ta zo, batir za ka fara dubawa."

Wani kashi na tumatir ya lalace, wannan asara ce. Amma ƙwaƙwalwa tana nan a wurinta, san Alhaji kuma yana nan a turkensa. Tambaya uku ya yi, ya karanta lamba ɗaya.

A tuna

Rigakafi ya fi magani. A duba matacin iska kowane mako lokacin ƙura. A kakkaɓe shi a hankali, in ya huje a sake, kuma kada a yi tafiya babu shi.

Kada a watsa wa inji ruwa mai ƙarfi. Tsumma ya isa.

Kada a cire batir inji yana aiki. A cire kan batir kafin walda.

A nisanta mota da rumbu, a share hatsin da ya zube a cikinta.

Fitila in ta kama, kada a rufe ta da takarda. A je awo tun abin yana ƙarami.

A garaji a tambayi lamba, a rubuta ta, a tambayi abin da aka auna kafin a biya kuɗin kaya.

Wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa direban garinsu da ƴan ƙungiyar da suka haɗa kuɗin mota. Malaman yaƙi da jahilci suna iya rubuta lambobin nan a allo, ɗalibai su gwada karanta su. Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin sana'a zai duba injin ban ruwa na lambu, da abin da ke hana shi tashi da sanyin safiya.